Fallen rufe ƙuna na ciyawar teku: abin da na gani a ƙafar Yayata cikin kwana 19

A cikin watan Afrilu, daidai lokacin da ake kwasar shinkafar rani a fadamun Argungu, ruwan zafi ya ƙone Yayata a ƙafar hagu. Sana'arta turara shanshera ce, ta kuma fi shekara ashirin tana yin ta ba tare da wani mugun tsautsayi ba, amma a ranar nan dutse ɗaya na murhu ya goce, rabin duron da ke kan wuta ya karkace, tafasasshen ruwa ya kwararo mata tun daga tsakiyar ƙwauri har zuwa bayan ƙafa. Wannan sharhi ne a kan kayan rufe rauni iri biyu da aka yi mata amfani da su daga kwana na huɗu har ƙunar ta rufe. Na farko shi ne fallen aljinet, wanda ake yi daga ciyawar teku, na biyu kuma siririn falle mai danƙo wanda ma'aikatan jinya ke kira haidirokoloid. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, saboda haka duk abin da aka ɗora a ƙafar nan wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaɓa, ita ce kuma ta ɗora da hannunta. Nawa aikin bai wuce sayo kaya da riƙe fitila da zuba ido ba.

Kafin in isa gidan, maƙwabta sun riga sun cika tsakar gida, kowa da maganinsa a hannu. Akwai mai gashin zomo, akwai mai makilin, wata dattijuwa kuma ta fasa ɗanyen ƙwai a kwano tana jiran a ba ta wuri. Allah ya taimake mu babbar 'yar Yaya ta hana, ta zaunar da uwar kusa da randa tana ta kwarara mata ruwa, wanda shi ne abin da ya dace, domin ƙa'idar taimakon farko ita ce a yi ta zuba ruwa mai ɗan sanyi a kan ƙuna na kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa komai. A asibiti aka wanke wurin, aka yi mata allurar rigakafin titanos, aka shafa man ƙuna, aka rufe da ƙyallen bandeji. Likita ya ce wutar ta ci saman fata da wani sashe na cikinta amma ba ta cinye kaurin fatar duka ba, kuma irin wannan ƙuna, idan ba ta ruɓe ba, takan rufe cikin mako biyu zuwa uku.

Kwana ukun farko su ne suka sa na san darajar abin da nake sharhi a kansa. Kowace safiya sai an yi diresin, kuma kowace safiya bandejin ya bushe ya manne da naman. Nas ɗin takan jiƙa shi da ruwan gishiri na asibiti, ta jira, ta ɗaga gefe a hankali da hantsaki, duk da haka sai ka ga zaren ƙyallen yana tahowa da wani farin abu mai laushi, jini yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo a bayansa. Yayata mace ce da ta haifi 'ya'ya bakwai ba a ji kukanta ba, amma a rana ta uku na ga ta cusa bakin mayafinta a baki tana cizo, hawaye yana bin gefen fuskarta har cikin kunne. Bayan an gama ne nas ɗin ta ja ni gefe ta ce, "Malam, idan da hali, akwai wani falle da zan rubuta maka. Yana da tsada, amma abin da Hajiya ke ginawa da dare muna rushe shi da safe."

Na zaga kemis uku a Argungu ban samu ba, ɗaya ma bai taɓa jin sunan ba. Sai da na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, inda na same shi a wani babban shagon magani. Kwalin yana ɗauke da falle goma, kowanne santimita 10 tsawo da 10 faɗi, a cikin takardarsa da aka liƙe aka kashe ƙwayoyin cuta. Mai shagon ya yarda ya sayar mini da ɗai-ɗai, na ɗauki shida, kuɗin kowane falle kuwa ya kusa kai na mudun shinkafa biyu. Na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin in biya, ina kuma ba duk mai saye shawarar ya yi haka, ya kuma ƙi karɓar duk takardar da ta huje ko ta jiƙe.

Wanda ya buɗe takardar zai yi mamakin rashin kwarjinin abin. Fari ne, mara nauyi, mai kama da audugar da aka danne ta zama shimfiɗa, ba shi da ƙanshi, ba shi da danƙo, ana iya yanka shi da almakashi. Asalinsa wata ciyawa ce mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke tsirowa a cikin teku, wadda ake girbewa a gaɓar ƙasashe irin su Norway da Chile da Sin. A shekarar 1881 wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya mai suna Stanford ya fara tatso wannan sinadari daga ciyawar, shi ne ake kira aljinet. Yana cikin dangin sinadaran da nake kwatanta wa ɗalibaina da carbi: ƙwaya iri ɗaya ko fiye ce ake ta jerawa a zare har ta zama doguwar sarƙa. Leda ma haka take, sai dai ita daga man fetur aka ƙera ta. Akwai kuma waɗanda halittu masu rai ke saƙawa da kansu, kamar sitacin rogo, da zaren auduga, da ƙaron da ke tsattsafowa daga jikin dakwara, da abin da ke ba fatar dabba ƙarfi. Daga wannan rukuni na biyu ake yin faya-fayen da nake magana a kansu, kuma dalilin da ya sa masu bincike suka raja'a a kansu shi ne jiki bai cika yin faɗa da su ba, suna kuma riƙe ruwa sosai.

Yadda aljinet ke aiki abu ne da ya burge ni tun a takarda, ya kuma fi burge ni da na gan shi da ido. A cikin fallen, ƙwayoyin kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi, su ne ke ɗaure sarƙoƙin da juna, shi ya sa yake zama zare busasshe. Ruwan da ke fita daga rauni kuwa cike yake da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Da zarar sun haɗu sai a yi musaya, sodiyam ya shiga zaren, kalsiyam ya fita, ɗaurin ya sassauta, zaren ya sha ruwa ya kumbura ya koma wani abu mai santsi kamar kamu da aka dama ya huce. Yana iya shan ruwan da ya ninka nauyinsa sau goma sha biyar ko fiye, kalsiyam ɗin da ya saki kuma yana taimakawa wajen daskarar da jinin da ke tsattsafowa. Abin da ke kwance a kan naman ke nan, maimakon busasshen ƙyalle.

A nan ne na sha gardama da mutanen gida, domin abin da muka taso da shi shi ne ciwo sai ya sha iska ya yi ɓawo kafin ya warke. Innarmu ta ce rufe ƙuna a wannan zafi daidai yake da dafa ta. Amma tun a 1962 wani mai bincike ɗan Birtaniya, George Winter, ya wallafa sakamakon gwajinsa a mujallar Nature, inda ya nuna cewa raunin da aka rufe da siririyar leda ya kasance cikin danshi yana yin sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bari a buɗe. A jikin dabba ya yi gwajin, a 1963 kuma wasu likitoci biyu a Amurka, Hinman da Maibach, suka tabbatar da hakan a jikin mutane. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Sabbin ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga gefen rauni da kuma gindin gashi suna rufe wurin, idan sun sami danshi sai su bi ta sama kai tsaye, idan kuwa akwai busasshen ɓawo sai sun nutsa ta ƙarƙashinsa suna neman hanya. Na yi wa Inna misali da dashen shinkafa, cewa ba a dasa ta a busasshiyar ƙasa, ba a kuma tuge ta kowace safiya don a duba ko ta kama. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina kwance bandejin idan mun fita.

Nas ɗin ta ɗora falle biyu, ta yanka su daidai da girman ƙunar, ta rufe da ƙyalle mai kauri ta naɗe. Ba a sake taɓa wurin ba sai bayan kwana biyu. Ina riƙe da fitilar waya lokacin da aka buɗe, gabana yana faɗuwa, Yaya kuma ta riga ta kai mayafi bakinta. Farin fallen nan ya rikiɗe ya zama abu mai ruwan zuma, yana sheƙi. Nas ta sa hantsaki ta ɗaga gefe, sai ya taho gaba ɗaya kamar ana ɗaga fatar da ke kwanciya a saman madara, ragowar da ya maƙale kuma ta kora da ruwan gishiri ya bi ruwan ya tafi. Naman da ke ƙasa ja ne mai tsabta, ba ɗigon jini ko ɗaya, a gefe-gefe kuma ga wani siririn layi mai launin hoda yana shigowa ciki. Yaya ta cire mayafin daga baki ta ce, "Sista, an fara ne?" Nas ta ce mata an gama. A wannan fanni, wato cire shi ba tare da azaba ba, ba ni da abin da zan rage wa kayan nan ko kaɗan, kuma da don wannan kaɗai ne ma, kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai yana da nasa aibu, wasu daga halittarsa, wasu daga yadda ake sayar da shi a wurinmu. Ba ya mannewa da kansa, saboda haka dole a sayi abin da za a rufe shi da shi, kuɗi a kan kuɗi ke nan. Idan an bar shi ya zarce bakin rauni ya hau lafiyayyar fata, ruwan da ya sha yakan jiƙa ta har ta yi fari ta yi laushi kamar hannun wanda ya daɗe yana wanki, haka kuwa ta faru a wajen idon sawu a canji na biyu, sai da aka ƙara rage faɗinsa. Babban abin lura shi ne amfaninsa yana tare da ruwan ciwo. A kwana na goma, da ƙunar ta rage zubar da ruwa, sai muka tarar sashen da ke kan ƙwauri bai narke ba, ya bushe ya kama naman kamar yadda bandeji ke yi, sai da aka jiƙa shi na tsawon lokaci kafin ya saki. Wanda ya sayi wannan falle ya ɗora a busasshen rauni ya yi asarar kuɗinsa, yana kuma iya jawo wa kansa ciwo. Duk wannan bayani yana cikin takardar da ke kwalin, amma da Turanci da wasu harsunan Turai, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma wanda ya sayi falle ɗai-ɗai ba ya ma samun takardar. Ni sai da na roƙi mai shago ya bar ni na ɗauki hotonta.

Akwai kuma batun ajiya, wanda ya dame ni fiye da sauran. A jikin kwalin an rubuta a ajiye shi a busasshen wuri da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, shagon da na saya kuwa fanka ce kawai ke juyawa, ita ma sai da wuta. Aljinet ɗin ban ga alamar zafi ya taɓa shi ba, amma falle na biyu, mai danƙon, na sami ɗaya daga cikin huɗun da na saya ya manne da takardarsa har ba ya ɓantaruwa da kyau, dole muka jefar da shi.

Wannan falle na biyu shi aka koma wa daga kwana na 11. Siriri ne mai ruwan ƙasa, ana ɗan hango abin da ke ƙarƙashinsa. Bayansa leda ce ta roba da ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga, cikinsa kuma danƙo ne da aka cakuɗa da garin sinadaran halitta: wani nau'in selulos da aka sarrafa daga tsiro, da fektin da ake samu daga ɓawon lemo da tufa, da jelatin. Shi yana mannewa da kansa, ana ɗumama shi da tafin hannu bayan an ɗora don ya kama, yana kuma iya kwana har bakwai idan bai cika ba. Abin da Yaya ta fi yabawa shi ne ta sami damar yin wanka ba tare da ɗaure ƙafa da leda ba, a wajen alwala kuma tana shafa a kansa kamar yadda malamai suka yi bayani game da shafa a kan ɗaurin rauni, ba tare da fargabar ruwa zai ratsa ba. Ta kuma koma sa takalmi mai buɗaɗɗen sama tana zagaya tsakar gida.

Amma bai kai kwana bakwai ɗin a ƙafarta ba ko sau ɗaya. Gumi da ƙura suna naɗe gefensa, musamman a lanƙwasar idon sawu, a kwana na uku sai ka ga bakin ya ɗago ya yi baƙi, sai mun bi shi da filasta. Ranar da aka fara cire shi kuma hankalin kowa ya tashi, domin a ƙarƙashinsa akwai wani ruwa mai kauri rawaya mai ɗan wari, Inna ta ce ga abin da take gudu nan, ƙafa ta yi mugunya. Nas ta wanke wurin ta nuna mana naman lafiya lau, ta bayyana cewa danƙon ne ya narke ya haɗu da ruwan ciwo, haka yake yi. Ta kuma koya mana alamun ruɓewa na gaskiya: zafin ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, ja da kumburi su bazu zuwa lafiyayyar fata, wurin ya yi zafi a hannu, ko zazzaɓi ya zo. Na ga ya kamata a ce mai sayarwa yana faɗa wa kowane mai saye wannan magana, domin na tabbata akwai waɗanda suka ga rawayan ruwan nan suka tsorata suka koma wa gashin zomo.

Jelatin ɗin nan ya tsaya mini a rai. Ana yin sa ne daga fata da ƙashin dabbobi, na shanu ko na kifi ko na alade, kuma kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga fatar alade yake. Kwalin da na saya ya rubuta jelatin kawai, bai faɗi daga wace dabba ba. Hukuncin amfani da irin wannan a kan fata saboda larura magana ce ta malamai, ba tawa ba, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da yake ɗorawa a jikinsa, kuma kamfanin da ke kawo kaya garin da kusan kowa Musulmi ne ya kamata ya rubuta wannan ɓaro-ɓaro. Akwai nau'o'in wannan falle da ba a sa musu jelatin sam, saboda haka wanda abin ya dama ya karanta jerin abubuwan da ke ciki kafin ya biya. Aljinet dai ba shi da wannan matsala, tunda tsiro ne.

Da nake bin bayanin waɗannan kaya, na yi ta tunanin abin da muke zubarwa a nan. Ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, har da na farar da muke soyawa, yana ɗauke da wani sinadari mai suna kitin, wanda Bafaranshe Braconnot ya fara ganowa a jikin naman kaza a 1811. Daga shi ake samar da kitosan, wanda ke janyo jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule, har sojojin Amurka suka yi amfani da bandejinsa wajen tsayar da jini a fagen yaƙi. A birnin Fortaleza na ƙasar Brazil kuma likitoci sun gwada rufe ƙuna da fatar karfasa, irin kifin da Kabawa ke kamawa kullum, bayan an tsabtace ta da sinadarai an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta ta hanyar haska ta da wani haske na musamman. Ina gargaɗi da babbar murya kada wani ya ji haka ya feɗe kifi ya ɗora wa mai ƙuna, domin aikin duka yana cikin tsabtacewar ne, ɗanyar fata kuwa ruɓewa za ta kawo. Abin da nake so shi ne jami'o'inmu da ke Aliero da Birnin Kebbi su dubi ƙaro da sitaci da fatar kifi da idon bincike, ko a samu ranar da falle ɗaya ba zai ci mudun shinkafa biyu ba.

Game da tsadar, da na zauna na yi lissafi sai na ga ba ta kai yadda na zata ba. Diresin na kullum yana cin bandeji da man ƙuna da ruwan gishiri da kuɗin mashin zuwa da dawowa, ga wanda zai bar aikinsa ya raka mara lafiya. Da waɗannan faya-faye, sau shida kacal aka buɗe ƙafar a cikin kwana 15. Wahalar ita ce kuɗin a dunƙule ake fitar da shi, mai turara shinkafa kuwa ba ta ajiye irin wannan kuɗi, kuma da ba ni da albashi da ba mu saya ba.

Ina ba da shawarar aljinet ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba kuma tana zubar da ruwa, mai danƙon kuma ga matakin ƙarshe da ruwa ya ragu, da sharaɗin ma'aikacin lafiya ne ya duba raunin ya ce ya dace. Ƙunar da ta yi fari fat ko baƙi ba a kuma jin zafinta ta cinye fata duka, aikin likitan tiyata ce. Haka ƙunar fuska da hannu da al'aura da gaɓoɓi, da duk ƙuna mai faɗi a jikin yaro, asibiti za a nufa kai tsaye. Mai ciwon sukari da ke da gyambo a ƙafa kada ya kuskura ya rufe shi da falle mai danƙo da ra'ayin kansa, domin ciwon na iya ruɓewa a ƙarƙashi ba tare da ya ji ba. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke kashe ƙwayoyin cuta, sai nau'in da aka ƙara wa azurfa ko zuma, shi kuma farashinsa daban ne.

A kwana na 19 nas ta cire falle na ƙarshe ba ta mayar da wani ba. Sabuwar fatar ja-ja ce mai sheƙi, siririya har ana ganin jijiyoyi, an ce a riƙa shafa mata man kaɗanya ko basilin, a kuma kare ta daga rana. Yanzu wata na huɗu ke nan, launin yana dawowa ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, wurin bai tattare ba, idon sawun yana lanƙwasuwa yadda ya kamata, sai dai ƙaiƙayi da ke damunta da dare. Ta koma bakin aikinta tun kafin damina ta sauka, bayan mun sa magini ya gina mata murhun bulo a madadin duwatsun nan uku.